Baturiya: An Ba Mu Gandun Daji, Saura Ruwa

A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara gandayen daji na ƙasa guda 10 a kan 7 da ake da su. Biyu daga cikinsu sun shafi mutumin Jigawa kai tsaye. Na farko dajin Falgore ne, a kudancin Jihar Kano. Na biyu namu ne, dausayin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma a masarautar Haɗejiya, wanda gwamnatin Malam Umar Namadi ta danƙa wa Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa a 2024. An yi murna a Dutse, kuma abin murna ne, domin ba kullum ake jin sunan Jigawa a irin wannan jeri ba.

Sai dai wanda ya shimfiɗa taswira a gabansa zai lura da wani abu da sanarwar ba ta faɗa ba. Dazuzzukan nan biyu kogi ɗaya suke sha. Falgore yana can sama inda ruwan ya faro, Baturiya tana can ƙasa inda yake ƙarewa cikin fadama. Tsakaninsu akwai madatsar ruwa ta Tiga, da gonakin shinkafar Kura da Kadawa, da birnin Kano wanda ƙishirwarsa ba ta yankewa, da garuruwan tsakiyar Jigawa da ambaliya ke ci shekara bayan shekara. Abin da ya rage bayan kowa ya ɗiba, shi ne rabon Baturiya. Don haka kafin a yi maganar tsuntsaye da baƙi masu kyamara, sai an fara yin maganar ruwa.

Inda ruwan ya faro

Ƙasar Jigawa shimfiɗaɗɗiya ce. In ka cire duwatsun Dutse da na Birnin Kudu da na yankin Kazaure da Roni, sauran duk yashi ne da fadama. Ɗan Jigawa da ke son ya ga ruwa yana faɗowa daga kan dutse da ƙara, sai ya niƙi gari zuwa Ƙaramar Hukumar Doguwa a kudancin Kano, yankin Riruwai da aka sani da haƙar kuza tun zamanin Turawa. A nan ƙauyen Zainabi yake da matsirgarsa, wadda samarin Kano ke zuwa kallo da damina. A cikin duwatsun wannan yanki, wato gindin tsaunukan da suka gangaro daga Jos, Kogin Kano ke tattara ruwansa na farko, sannan ya ratsa dajin Falgore ya nufi arewa.

Falgore yana da nisan kilomita kusan 150 daga birnin Kano, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Tun shekarun 1940 aka keɓe shi da sunan gandun Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Babban aikinsa a yau ba a ganinsa da ido: saiwoyin itatuwansa ne ke riƙe ƙasa, suna hana ruwan sama kwasar yashi da laka ya zuba cikin Tiga. Duk buhun gawayin da aka fitar daga dajin nan, an rage wa madatsar kwana. Dajin ya sha wahala ta wata fuskar ma. Ɓarayin shanu da masu tare hanya sun daɗe suna fakewa a cikinsa, har a 2017 rundunar soja, ƙarƙashin Laftanar Janar Tukur Buratai, ta shiga ta mai da shi wurin atisaye.

Abin da Tiga ta canza

Gwamnatin Audu Bako ce ta gina Tiga, aka gama ta a 1974, lokacin da fari ya gallabi Arewa, kuma a lokacin Jigawa tana cikin Jihar Kano. An tsara ta ne ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A 1992 aka gama ta biyu a kan Kogin Calawa, a yankin Ƙaraye. Kogunan biyu suna haɗuwa kudu da birnin Kano, su wuce ta Wudil, su shigo Jigawa ta Ringim da sunan Kogin Haɗejiya. Masana ruwa sun ƙiyasta cewa madatsun nan biyu su ke riƙe da wajen kashi 80 cikin 100 na ruwan kogin. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke da makullin ƙofofinsu, kuma hedikwatarta tana Kano.

Ba wanda zai ce Tiga ba ta yi amfani ba. Tumatirin Kadawa da shinkafar Kura daga gare ta suke, famfon Kano ma ya dogara da ruwan kogunan nan. A cikin Jigawa kanta, aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke Auyo, wanda Buhari ya ƙaddamar a watan Janairun 2023 bayan gyaran da aka yi da kuɗin Bankin Duniya, da wannan ruwa yake rayuwa. Amma madatsa tana canza halin kogi, kuma wannan canji ne mutanen ƙasa suka kwasa.

Da can kogin yana da lokaci biyu. Da damina ya cika ya batse, ya zo da ƙarfi, ya share yashin da ke kan hanyarsa, ya malala cikin fadamu. Da rani ya ƙafe ƙaf, har a bi ta cikinsa da jaki. Yanzu cikar damina ta ragu ƙarfi, da rani kuma ruwa na tsiyaya ba ya yankewa. Ruwan da ba shi da ƙarfi ba ya ɗaukar yashi, ajiye shi yake yi. Ƙasar da ba ta bushewa kuwa ita ce abin da ciyawar kacalla ke nema. A shekarun 1960 da farkon 1970 ambaliyar damina takan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 a dausayin Haɗejiya da Nguru. Bayan madatsun da shekarun fari, aka koma lissafin 70,000 zuwa 100,000.

Ga inda abin ya shafi Baturiya. Kafin kogin ya isa garin Haɗejiya, wani reshe yana ɓallewa daga jikinsa a yankin Miga, shi ake kira Kogin Kafin Hausa. Cikar wannan reshe ce ke shayar da tafkuna da fadamun Baturiya kowace shekara. In yashi da ciyawa suka toshe bakinsa, ruwan da ya kamata ya bi ta nan sai ya tsaya ya kumbura, ya fasa gaɓa, ya shiga gonaki da gidajen Miga da Jahun da Auyo da Kafin Hausa. Toshewa ɗaya, ɓarna biyu: na sama ya nutse, na ƙasa ya bushe. A 2022, shekarar da ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Makarantun firamare sun koma sansanin 'yan gudun hijira, hanyoyi sun yanke, an koma shiga wasu garuruwa da kwalekwale. Mutum zai ɗauka shekarar ruwa irin wannan alheri ce ga fadama. Ruwan da ya zo ba bisa ƙa'ida ba, ya kwana a inda ba a son sa, shinkafar ma cinye ta yake yi.

Shekara a bakin fadama

Wanda ya tashi daga Dutse ya bi ta Kiyawa da Jahun ya faɗa Haɗejiya, sannan ya yi gabas, zai ga ƙasa ta sauya masa. Duwatsu da dabino sun ɓace. Sai tudun yashi dogaye, tsakaninsu kwari mai baƙar laka, ga goruba ko'ina, ga bagaruwa da giyayya a bakin ruwa, ga kanya da tsamiya a kan tudu. Ƙauyukan suna kan tudun, gonakin shinkafa suna cikin kwarin. Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa duk suna zaune a wannan yanki, kuma kusan kowane gida yana da sana'a fiye da ɗaya, domin ƙasar ce ta koya musu haka.

Da saukar damina ana shuka gero da dawa da riɗi a tudu, a yafa shinkafa a fadama tun kafin kogi ya iso. Wajen Agusta zuwa Satumba sai ka ji ana cewa ruwa ya zo. Shinkafar tana tashi tare da shi, kifi kuma ya bar kogi ya bazu cikin ciyawa yana ƙwai. Da kaka ruwa ya fara janyewa, a nan ne masunta ke cin kasuwarsu: tarwaɗa da karfasa da kurungu suna neman komawa kogi, an tare musu hanya da kalli da mali da mamari. Bayan ruwa ya bar laka mai danshi, a dasa wake ba tare da ban ruwa ba. Masu injin su shiga alkama da albasa da tattasai da kankana. Can cikin rani makiyaya su sauko da shanu su ci burgu da karan da aka bari, su bar wa gona taki. Fili ɗaya, ya ciyar da manomi da masunci da makiyayi a shekara guda, kowa da lokacinsa.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya gani da idonsa, wato su da gora. Masunci zai kawo ƙatuwar gora mai baki a sama, ya kifa cikinsa a kanta, ya tura cikin tafki yana tuƙi da hannuwa da ƙafafu. Komarsa tana hannu. In ya kama kifi sai ya ɗan ɗaga ƙirji ya jefa shi cikin gorar, ya mayar da cikinsa ya rufe bakin. Jirginsa ke nan, ma'ajiyarsa ke nan. Ba fetur, ba ƙara, tsuntsun da ke kusa ma ba ya tashi. A tafkunan da ke da mai su, ba a shiga sai bulama ko sarkin ruwa ya sa rana, a yi su na gayya, a fitar da rabon masu iko da ruwan. Wannan doka ta girmi duk wata takarda da aka rubuta a Abuja, kuma saboda ita ne kifin ke samun lokacin girma. Abin da aka kama mata su banda shi, a ɗaure a kwali, ya tafi kasuwar kifi ta Haɗejiya, daga can manyan motoci su yi kudu da shi.

Mata suna da tasu hanyar a jikin goruba. Kabar da ake yankowa ita ake saƙa tabarma da igiya da kwando, a kai kasuwa, a yi kuɗin cefane da kayan ɗakin 'ya. 'Ya'yan gorubar a sayar, bagaruwa ta tafi wurin majema, bado a ci lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ana ƙiyasta mutum wajen miliyan ɗaya da rabi ne ke cin abinci daga wannan dausayi, daga Haɗejiya har Nguru da Gashuwa. Wani amfanin kuma yana ƙarƙashin ƙasa: ruwan da ya kwanta a fadama yana tsotsewa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ko ganin kogin ba sa yi.

A farkon shekarun 1990 wasu masana, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka zauna suka yi lissafin abin da fadamar ke bayarwa ta noma da kifi da itace, suka gwada da abin da aikin noman rani na Kogin Kano ke bayarwa. Suka samu cewa in aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadamar ta ninka shi riba nesa ba kusa ba. Binciken yana cikin littafin da ƙungiyar kare muhalli ta IUCN ta buga a 1993 kan dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda Dokta Muhtari Aminu-Kano yana cikin editocinsa. Shekara fiye da 30 ke nan, har yau in ana rabon ruwa, wanda ya bi ta kwalbati da siminti shi ake kira amfani, wanda ya malala cikin fadama a ɗauke shi asara.

Kacalla

Duk wanda ya zauna da mutanen wannan yanki, ba za a daɗe ana hira ba sai an ambaci kacalla. Ciyawa ce mai tsawo, takan wuce kan mutum nesa, saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin laka tana fitar da sababbi, irinta kuma iska ke ɗauka. Inda ta kafu ba a noma, ba a jefa taru, kwalekwale ba ya wucewa. Ta cinye dubban hektoci na gonakin fadama. Ƙasa da Haɗejiya kogin ya kasu uku: tsohon Kogin Haɗejiya, da Burum Gana, da Marma mai zuwa tafkin Nguru. Toshewar da kacalla da yashi suka yi ta karkatar da yawancin ruwan zuwa Marma, garuruwan can suka rasa gonaki saboda ruwa ya ƙi tafiya, na sauran rassan suka rasa saboda ya ƙi zuwa.

Yadda ake yaƙar ta da hannu abin tausayi ne. Magidanta su yi gayya, su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, suna yankan ta a ƙarƙashin ruwa domin kututturen ya shaƙe ya ruɓe, in an yanke ta a sama kwana kaɗan ta tofo. Ganyenta yana yanka hannu, matsattsaku suna manne wa ƙafa, ga tsoron maciji. A wuni a buɗe 'yar hanyar da jirgi ɗaya zai bi. Cikin ciyawar sauro ke haihuwa, da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini. A cikinta kuma jan-baki ke kwana. Wanda bai ga garken jan-baki ya sauka a gonar shinkafa mai nuna ba, bai san dalilin da ya sa ake fitar da yara daga makaranta su tsaya gona tun asuba da gwangwani da igiya da majajjawa suna ihu har magariba ba.

Gwamnatin jiha ta sayo injinan yashe kogi masu tafiya a kan ruwa, an kuma buɗe wasu hanyoyin da su, jama'a sun ga sauƙi. Aiki ne mai kyau kuma ya kamata a ci gaba. Amma inji yana cire ciyawar da ta fito ne. Abin da ke haifar da ita, wato ruwan da ke tsiyaya duk rani da rashin cika mai ƙarfi da damina, yana can a ƙofar Tiga da Calawa.

Baƙin hunturu

Abin da ya kai sunan Baturiya duniya tsuntsaye ne. Daga Oktoba zuwa Nuwamba, idan sanyi ya kama Turai da arewacin Asiya, agwagin ruwa da sauran tsuntsayen bakin gaɓa sukan taso su ƙetare Bahar Rum da Sahara. Ruwa na farko mai faɗi da suke tararwa bayan hamada shi ne irin su kwarin Kogin Sanagal, da fadamar Kwara a Mali, da Tafkin Cadi, da namu. Su zauna har wajen Maris su koma. Suna tarar da 'yan gida: kirinjijiya mai fito da dare, da ɗinya, da dani, da zalɓe, da balbela, da gauraka wadda yanzu ganinta ya yi wuya. An lissafa nau'in tsuntsaye fiye da 370 a dausayin baki ɗaya.

Saboda su ne aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗejiya da Nguru a 1987, da haɗin gwiwar IUCN da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Najeriya da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da ke ɓangaren Yobe domin ya gan su. Dagona ta shiga Gandun Daji na Tafkin Cadi da aka kafa a 1991. Tafkin Nguru da Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, Baturiya ta bi baya a 2008 da faɗin hekta 101,095.

Tsuntsun nan ba takardar Ramsar yake bi ba, ruwa mara zurfi yake nema, mai buɗaɗɗiyar fuska, da laka a gefe. Tafkin da ya ƙafe ba ya sauka a kansa, wanda kacalla ta rufe ma haka. Abin da tsuntsu ke so shi ne daidai abin da masunci da manomin shinkafa ke so. Wannan sa'a ce babba, domin a wurare da yawa a Afirka buƙatar dabba da ta mutum karo suke yi. A nan hanyarsu ɗaya.

Doka ta iso ƙauye

Gandun daji na ƙasa yana zuwa da dokarsa, ta 1999, wadda ta hana farauta da kiwo da saran itace da kamun kifi a cikin gandu sai da izini. Ma'aikatansa suna da kaki da bindiga. Mutanen karkara kuwa suna da tsohon tarihi da malamin daji, tun na zamanin En'e, kuma ba tarihin daɗi ba ne. Don haka in aka ce gwamnati ta karɓi daji, abin da talaka ke fara tambaya shi ne: kabar fa? Mashayar shanu fa? Gonar da ubana ya sare fa?

Ba na cikin masu cewa a bar dajin yadda yake. An yi masa ɓarna, kuma ana kan yi. Motoci suna fita da itace zuwa garuruwa, gonaki suna cin iyakarsa kaɗan kaɗan, akwai masu kama tsuntsaye da raga su kai kasuwa, akwai masu kafa dumba su tare hanyar ruwa gaba ɗaya su kwashe kifi har da 'ya'yansa. Rikicin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma, wanda ya sha cin rayuka, tushensa ƙarancin fili ne: kacalla ta ci wani, fari ya ci wani, burtali ya zama gona. Ana buƙatar hukuma mai ƙarfi. Amma dole ta bambanta mai tirelar itace da matar da ta ɗauko ƙirare a ka. In aka haɗa su a hukunci ɗaya, mai tirela zai san yadda zai fita, matar ce za ta kwana a hannu, ƙauyen kuma ya ɗauki gandun abokin gaba. Daga ranar ba wanda zai sake gaya wa ma'aikaci inda maharba suka kwana.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masuncin Baturiya ya san tafkin da ke fara ƙafewa, da inda kifi ke ƙwai, da watan da kowane tsuntsu ke sauka. Tsarin hukumar gandayen daji da kansa ya tanadi tallafa wa ƙauyukan da ke kewaye da gandu. A Gashaka-Gumti, gandu mafi girma a Najeriya, an bar wasu unguwannin makiyaya da manoma a cikinsa bisa yarjejeniya, kuma ana ɗaukar 'yan yankin aikin gadi. Babu dalilin da zai hana a yi haka a nan: a shata iyaka tare da bulamai da ardo-ardo da sarakunan ruwa, a rubuta wa mata izinin yankan kaba a lokacin da ba zai kashe goruba ba, a ware mashaya da burtali, a ɗauki samarin ƙauyukan aikin tsaro da rakiyar baƙi. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya duk suna kusa, za su iya horar da su, su kuma riƙa ƙidayar tsuntsaye da auna ruwa duk shekara.

Maganar yawon buɗe ido kuwa a yi ta da gaskiya. Ba za a ga Turawa sun cika Baturiya gobe ba. Baƙon farko ɗan makarantar sakandare ne daga Dutse ko Gumel, da ma'aikacin da ke neman inda zai kai iyalinsa ranar Asabar. Wanda ya je ya ga zanen da mutanen dauri suka yi a jikin duwatsun Birnin Kudu, zai so ya ga wannan ma, in akwai hanya mai kyau, da rumfa, da banɗaki, da wanda zai nuna masa.

An gwada a wasu wurare

Matsalarmu ba mu kaɗai ba ce. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 ta hana ambaliyar Kogin Logone isa fadamar da ke gefen gandun Waza. Ciyawa ta mutu, kifi ya ɓace, makiyaya suka watse. A 1994 aka buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da aka toshe, ruwa ya sake rufe wajen murabba'in kilomita 200, kifi da shanu da namun daji suka dawo. A Muritaniya, bayan madatsar Diama ta 1986 ta busar da bakin Kogin Sanagal, an kafa gandun Diawling a 1991, aka riƙa sakin ruwa da gangan a lokacin da ambaliya ta saba zuwa. Jadawalin sakin kuwa da masunta da makiyaya da mata masu saƙar tabarma aka tsara shi. A can ma kacalla ta addabe su, har suka koyi yin gawayi da ita. Jihar da ke kukan saran itace kamar tamu ta dace ta duba wannan da idon basira.

Mu ma muna da wurin zaman da za a yi wannan magana. A 2006 jihohi 6 da kogin ya shafa, Filato da Bauci da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, suka haɗu da gwamnatin tarayya a Damaturu suka kafa asusun kula da kwarin Haɗejiya da Jama'are da Komadugu Yobe. An yarda tun a lokacin cewa ruwan na kowa ne, daga duwatsun kudu har Tafkin Cadi. Abin da ya rage shi ne aiki da abin da aka yarda.

Jigawa tana da hujjar da ba ta da ita da can. Gwamnatin tarayya ce da kanta ta ce Baturiya dukiyar ƙasa ce, kuma ita ce mai Tiga da Calawa. Ba zai yiwu hannunta ɗaya ya kafa allo a bakin dausayi, ɗayan ya riƙe ruwan da ke raya shi ba. Abin da ake nema a fili yake: rubutaccen jadawalin sakin ruwa da kowa zai sani, wanda zai ba kogi cika mai ƙarfi da damina a lokacin da ba za ta haɗu da ruwan sama ta rushe garuruwa ba, ya kuma bar rassan da za a iya bari su bushe na wasu makonni da rani. A yashe bakin Kogin Kafin Hausa, a riƙa komawa kansa duk shekara. A sanar da Ringim da Miga da Auyo kwanaki kafin a buɗe ƙofa, ta rediyo da ta bakin hakimai. A kuma ba mutanen fadama kujera a inda ake yanke wannan shawara.

Gwamnatin Dutse, da Majalisar Dokokin Jiha, da sanatocinmu 3 da wakilanmu na Abuja, da masarautun Haɗejiya da Ringim da Dutse, su ne za su kai wannan buƙata gaban Ma'aikatar Albarkatun Ruwa da hukumar kogunan. Muna roƙon su kai ta tun da rani, kafin damina mai zuwa ta sauka.